Bana Sai Addu'a

Takardar da ta jawo wannan rigima ba Mamuda ne ya ƙirƙiro ta ba, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Wani Bature ne ya tsara ta, ya buga da keken rubutu, da aka samu mulkin kai ya haɗa komatsansa ya koma ƙasarsu, ya bar ta a ofis tare da kujerarsa. Kujerar dai Malam Ja'afaru ya gada. Takardar kuwa sabbin malaman gona ake miƙa wa, su bi ƙauyuka su tambayi manoma yadda suke ganin amfanin bana. A ƙasanta akwai kalmomi biyar na Turanci a jere, kowace da ɗan gida a gabanta: confident, optimistic, hopeful, doubtful, pessimistic. Ka saurari manomi, ka duba wadda ta dace da shi, ka sa alama.

To, Mamuda mayen kalma ne. Wata biyu ke nan da aka turo shi Ikara malamin gona, kuma tun ranar da takardar ta shigo hannunsa bai huta ba, bai bar ƙamus ɗinsa mai yagaggen bango ya huta ba. Kalma ta farko, ya gano, ana nufin mutumin da ya sakankance, ko gezau. Ta biyu mai kyautata zato ne, ko da bai ga dalili ba. Ta uku mai sa rai, yana fata amma da ɗan ɗar-ɗar. Ta huɗu mai kokwanto. Ta biyar kuwa shi ne wanda ko zuma ka miƙa masa sai ya fara laluben ƙudan da ya faɗa ciki. Abin ya ba Mamuda mamaki ƙwarai. Yaya aka yi mutanen nan suka ɗauki abu guda da ke cikin ƙirjin ɗan Adam suka yanka shi gaɓa-gaɓa kamar rake? Kuma ina ainihin iyakar mai sa rai da mai kyautata zato? Ya ƙosa ya shiga cikin mutane ya ga ko da gaske haka suke a rarrabe.

Tambayar bana kuma ba ta banza ba ce. Ofis ya samu injin matsar rake guda ɗaya tak, na ƙarfe, irin wanda doki ke juyawa, an ajiye shi a sito a Ikara. Tsakanin Ikara da Makarfi da Kudan, duk inda takarda ta nuna manoma sun fi ƙarfin gwiwa, can za a kai shi. Mutanen ƙauyen Malikanchi kuwa, can ƙasar Ikara, ba su da inji ko ɗaya. In sun sare rake sai su ɗora wa jakuna har Makarfi, su bi layi kwana biyu, kwana uku, raken na bushewa suna kallo, mazarƙwailar ta fito baƙa wuluk, a kasuwa a yi ta yi mata tayin wulaƙanci.

Mamuda ɗan Malikanchi ne. Yana da shekara huɗu mahaifinsa ya rasu, yayan mahaifiyarsa, Kawu Lado, ya ɗauke shi ya riƙe. Duk fadamar garin babu mai rake kamar Kawu Lado, kuma abin da ya faɗa shi sauran manoma ke maimaitawa. Saboda haka ta kansa Mamuda ya fara.

Ya jingine kekensa a bakin fadama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Aka gaisa: ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya mutanen Ikara, yaya aikin, har aka gangaro kan ƙafar Kawu da ke masa ciwo. Duk wannan gaisuwa idon Mamuda na kan raken da ke bayan tsohon. Tirƙashi! Ya fi tsayin mutum a kan doki, kaurinsa kamar damtsen ƙato, ganyen kore shar. A makarantar aikin gona ma bai ga irinsa ba.

"Kawu, ofis ne suka aiko ni da tambaya. Yaya kake ganin raken bana?"

Kawu Lado ko waiwayawa bai yi ba. Ya taɓe baki. "Rake? Kai, bana sai addu'a."

"To amma kana ganin zai yi kyau?"

"Ni wa? Na isa in gani? Ga tsutsa, ga gara, ga shanu na ratsowa. Bar shi dai kawai."

"Ko ɗan sa rai ba ka yi, Kawu?"

"Yaro, na ce maka sai addu'a. Ko da Turanci kake so in faɗa?"

Manoma huɗu da suka matso jin abin da ake ciki duk suka kada kai. Wannan ya ce wallahi sai addu'a, wancan ya ce nasa ma bai kai a yi magana ba.

Nan fa ran Mamuda ya ɓaci, kuma ba don rake ba. Wannan magana ya san ta tun yana ɗan mitsitsi. Ranar da ya zo na ɗaya a elementare, malaminsu ya tako har gida ya yi albishir, Kawu ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Wannan? Ai sai addu'a." Ranar da ya sami shiga makarantar Zariya, haka. Ranar da ya dawo da takardar kama aiki, a gaban mutane a ƙofar masallaci, haka. Shekara ashirin yana jiran kalma ɗaya mai daɗi daga bakin tsohon nan, bai samu ba. Ya ce a ransa, mutumin nan ba ya ganin alheri a jikin komai, ga ma sunansa Bature ya rubuta tun kafin ya tafi. Ya danna alƙalami a gida na biyar har sai da takardar ta huje.

Kwana uku bayan haka, a wani ƙauye ta wajen Kudan, ya gamu da wani manomi, Gambo, mai murya kamar ganga. Tun kafin a gama tambaya ya buga ƙirji. "Bana? Bana mu ne kasuwa! Rubuta, Malam, rubuta da kyau!" Raken Gambo dai siriri ne, ganyen ya soma ja, Mamuda ya gani da idonsa. Amma takarda ba ta ce a duba gona ba, cewa ta yi a saurari manomi. Ya sa alama a gida na farko, har yana jin daɗi ya sami mutum guda da ya yi daidai da ƙamus.

Aka yi wata guda da rabi, ruwa ya ɗauke. Sai labari ya fito: ran Laraba Malam Ja'afaru zai zo daga Zariya da babbar mota, ya ɗauki injin ya kai ƙauyen su Gambo.

Ran Lahadi Mamuda ya je gida gaisuwa. Kawu ba ya nan. Ya tarar da matarsa, Inna Sabuwa, tana tsince wake a faifai. Ita ta goye shi, ita ta yi masa wanka har ya girma, saboda haka ba ta wani shayinsa don ya sa wando da aljihu.

"Sannu, Bature," in ji ta. "An ce kai ka rubuta wa Zariya cewa raken kawunka ya lalace."

"Inna, ban ce ya lalace ba. Abin da ya faɗa na rubuta. Cewa ya yi sai addu'a."

Ta ajiye faifan ta riƙe haɓa. "Oh ni Sabuwa! Yau na ga abin da ya ishe ni. Mun kai yaro makaranta ya koyo yaren wasu, ya mance na gidansu. Kai Mamuda, a garin nan ka taɓa jin mai hankali ya tsaya gaban gonarsa ya ce ta yi kyau? Da bakinsa? Tana tsaye ba a sare ba?"

Mamuda ya sosa ƙeya. Zancen kambun baka ai ya sani, wa bai sani ba? Ya dai ɗauka abin na tsakanin maƙwabta ne, bai zaci har takardar gwamnati ake ɓoye wa ba. Ya ce, "To ai wani can wajen Kudan ya faɗa, ƙiri-ƙiri."

"Yaya raken nasa yake?"

"Siriri ne," in ji shi.

"Ka gani? Wanda ba shi da abin da baki zai kama, me zai ɓoye? Tashi mu je, in nuna maka abin da ba a rubutawa."

Ta ja mayafi ta bi ta ƙofar baya, yana biye. Bayan dangar gidan, inda da ciyawa ce da tsaunin toka, an share wani fili fes. A tsakiyarsa an binne wani ƙaton gungume, an daddatse samansa ya yi sumul, an fafe ramuka huɗu. An ɗaura masa dogon itace a kwance, wanda ke iya juyawa. Kewaye da gungumen kuwa ga wata hanya ta zagaye shi, ƙasar ta daddaƙu ta lotsa, duk sawun kofato. A gindin tsamiya wani jan doki na cin harawa.

"Dokin wa?" in ji Mamuda.

"In ka tambayi kawunka, na wani ne aka ba shi ajiya. Bijiminsa ya sayar ya saye shi, tun ranar da aka ce inji ya iso Ikara. Kullum da sassafe sai ya ɗaura masa itacen nan ya yi ta zagayawa da shi, wai kada inji ya zo doki bai iya ba." Ta sa hannu a cikin danga ta zaro wani karan dawa mai tsaga huɗu a jiki. "Wannan kuma sau uku yana zuwa Makarfi da wannan ƙafar tasa, yana auna gindin injin mutane. Ni ma bai gaya mini ba. Gani na yi."

Mamuda ya karɓi karan, yana jujjuya shi. Kunya ta kama shi, amma ko a cikin kunyar kan nan nasa bai daina aiki ba. Wannan a wane gida za a sa shi? Mutum na koya wa doki juya injin da babu shi! Gida na farkon ma ai ya yi masa kaɗan.

"Amma Inna, me zai hana ya ce ko da 'da dama-dama'? Sauran mutane suna faɗin haka."

Inna Sabuwa ta dubi dokin. Mamuda ya san sun taɓa haihuwar ɗa guda, Sada, wanda ya rasu kafin a kawo shi gidan. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi.

"Yaron nan," ta ce, "yana da shekara biyar ya bi kawunka fadama da 'yar fartanyarsa. Kawunka daɗi ya kama shi, ya ɗaga shi sama a gaban mutane ya ce ku duba magajina, wannan sai ya fi ni. Kwana tara tsakani baƙon dauro ya shigo gari. Malamai sun gaya masa, ni ma na gaya masa, kwana ne ya ƙare, ba bakinsa ba ne. Ya ce ya sani. Amma daga ranar ban sake jin ya yabi wani abu nasa ba." Ta karɓe karanta ta mayar cikin danga. "Je ka gyara abin da ka ɓata. Waken nan ba zai tsince kansa ba."

Ran Laraba tun hantsi Mamuda na tsaye a ƙofar sito. Aka ɗora injin a mota, ƙarti shida na nishi. Malam Ja'afaru mutum ne gajere mai tabarau, ba ya son dogon zance. Mamuda ya rusuna ya faɗi laifinsa duka, bai rage ba, har da haushin da ya sa ya danna alƙalami.

"Wato ka yi kuskure, yanzu kuma kana so a kai inji garinku, gidan kawunka," in ji Malam Ja'afaru. "Ka san yadda wannan zai yi a kunnen mutane?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Takarda bakin manomi take nema, ba bakin malamin gona ba. Zan ratsa ta garinku. In kawunka ya faɗa da bakinsa, na sake alama. In bai faɗa ba, mota ta wuce Kudan, kai kuma mu gamu a ofis."

Kafin motar ta gama tsayawa a Malikanchi gari ya fito. Kawu Lado ya taho daga fadama yana ɗingishi. Mamuda na kallonsa lokacin da idonsa ya sauka kan injin: sau ɗaya ya duba, ya haɗiyi miyau, ya kawar da kai kamar an ɗauko buhun gishiri. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Malam Ja'afaru ya hangi raken daga inda yake zaune, ya ce tubarkalla a hankali, sannan ya zaro takarda.

"Baba, tambaya ɗaya ce. Raken nan naka, ka tabbata zai yi albarka bana?"

"Ranka ya daɗe, ga shi nan dai. Sai addu'a."

"Na ji. Amma kai a zuciyarka, kana ganin zai yi kyau?"

"Abin da Allah ya yi shi ne daidai."

Mamuda ya matso da gwiwa. "Kawu, don Allah. Kalma ɗaya ce. Ka ce zai yi kyau, shi ke nan, a sauke inji."

Tsohon ya juyo ya dube shi, idanunsa sun kaɗa. "In yi wa abina baki da kaina? Saboda ƙarfe? Su tafi da shi." Yana son injin nan kamar ransa, kuma ba zai faɗa ba ko za a yanka shi.

Malam Ja'afaru ya ninke takarda ya miƙe. Direba ya tayar da mota.

"Ranka ya daɗe," in ji Mamuda, "kafin ka tafi, a ba ka ruwa a bayan gida. Akwai inuwar tsamiya."

Kawu ya galla masa harara, amma baƙo ya riga ya taka. Suka zagaya. Malam Ja'afaru ya tsaya cak a bakin filin. Ya dubi gungumen, ya dubi dogon itacen, ya bi hanyar nan mai zagaye da ido, sannan ya sauka cikinta ya taka ta da ƙafarsa har ya dawo inda ya fara. Lotsawarta ta kai idon sawu.

"Baba, wannan fa?"

"Doki ne ke motsa jini," in ji Kawu Lado, yana kallon sama.

"Kullum a wuri ɗaya? A zagaye?"

"Haka yake so."

Wani daga cikin manoma ya tuntsire da dariya, ya toshe baki da hula. Ta saman danga sai ga hannun Inna Sabuwa ya miƙo karan dawa. Mamuda ya karɓa, ya ruga ya haye mota, ya ɗora karan a gindin injin. Tsaga huɗu, ƙusa huɗu, kowace a kan 'yar'uwarta, ko gashi bai ratsa tsakani ba. Malam Ja'afaru ya leƙa ya gani. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Mahaifina ma manomin gyaɗa ne," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Har ya rasu ban taɓa jin shekarar da ya ce gyaɗa ta yi ba. Shekara uku ina aika takardar nan ƙauyuka, ban tuna da shi ba sai yau." Ya miƙa wa Mamuda takardar. "To, malamin kalmomi, a wane gida za mu sa shi?"

Mamuda ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, su biyar ɗin da ya daɗe yana wa hidima. "Ranka ya daɗe, babu nasa a nan."

"Sa a na farko, ka rubuta a gefe cewa an ga doki. Na wajen Kudan kuma ni zan je in duba gonar da idona, in yi musu bayani. Ku sauke!"

Aka sauke. Injin ya zauna a kan gungumen daram, kamar tare aka yi su. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Kawu Lado ya zagaya shi sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya taɓe baki ya ce ƙarfen zamani ne, Allah dai ya sa ya kai baɗi. A wannan karon Mamuda ya ji abin da aka ce.

Malam Ja'afaru ya sa ƙafa ɗaya a mota, sai ya juyo. "Baba, saura tambaya ɗaya, wannan ba ta takarda ba ce. Ɗan nan naka ya yi mini ɓarna, ya kuma zo da ƙafarsa ya faɗa. Ina tunanin ko in riƙe shi ko in sallame shi. Kai da ka rene shi, kana ganin zai yi wani abin kirki?"

Kawu Lado bai dubi Mamuda ba, kamar yadda bai dubi raken ba ran da aka tambaye shi, kamar yadda ya kawar da kai daga injin. Ya taɓe baki.

"Wannan?" ya ce. "Kai, ranka ya daɗe, sai addu'a."

Malam Ja'afaru ya yi murmushi ya rufe ƙofa. Mamuda kuwa ya tsaya da karan dawa a hannu. Shekara ashirin ana yabonsa da wannan magana, shi yana jin haushi. Ya juya da sauri ya nufi gindin tsamiya, ya ce bari ya kwanto doki a gwada, don kada mutane su ga fuskarsa.